Ruwaida da Sunayen Tsofaffin Zango

Ruwaida Buraima tela ce a Asokore Mampong, kuma duk wadda ta taɓa kai mata ɗinki ta san ba a juya ta. Mahaifinta daga Nijar ya zo Kumasi yana saurayi, ya rasu ba ta tambaye shi ko sunan ƙauyensu ba. Wannan abu ya tsaya mata a rai. Shi ya sa duk tsohuwar Zango da ta zo awo, Ruwaida kan ajiye wayarta a kan keken ɗinki ta ce, "Inna, ba ni labarin zuwanku." Shekaru tana ɗaukar muryoyinsu: matan da suka zo a motar shanu, da waɗanda suka biyo fataken goro. Kowace murya takan sa mata cikakken suna, na matar da na ubanta da na garinsu, sannan ta tura ma'ajiyar intanet.

Wayar ta faɗa kwata wata rana tana saukowa daga trotro, motar haya. Ba ta damu sosai ba, tunda muryoyin na ajiye. Amma abin ya sa ta ƙudura sauke su, ta zuba wa kowane gida muryar tsohuwarsu a katin memori.

Ta tafi wajen Khalidu, ɗan ƙanin mahaifiyarta, mai shagon kwamfuta kusa da Manhyia. Ya fara kwafa, kaɗan suka sauka, sauran suka ƙi. Kwamfutar ta ce hanyar fayil ta yi tsawo. Khalidu ya bayyana mata cewa injin yana haɗa sunan kowace folda da na wadda ke cikinta har zuwa sunan fayil ɗin, kuma in jimlar ta wuce iyaka sai ya tsaya. Mafita mai sauƙi, in ji shi, a mayar da sunayen lambobi, ya gama mata kafin la'asar.

"Hadiza 'yar Malam Ɗanbaba ta Dogondutsi ce za ta koma lamba?" in ji Ruwaida. "Ba a hannuna ba."

Ya ce Yaya, injin bai san Malam Ɗanbaba ba. Ta ce to yau zai san shi. Khalidu yana da mutane a layi, don haka ya ba ta tsohuwar kwamfutar da ke lungu, ya nuna mata yadda ake buɗe folda da canza suna, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ta rufe shagonta ta dinga zuwa. Da farko ɓarna ta yi ta yi, har ta goge abin da ya riga ya sauka, ta sake daga farko. Masu kawo mata ɗinki suna kiranta suna mita, tana ce musu su yi haƙuri ko su zo su karɓi yadinsu. Da ta natsu ta bi hanyar folda ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga tsawon ba daga tsofaffin yake ba. Ita ce ta jibga folda cikin folda: "Aikin Ruwaida Buraima", a ciki "Aikin Ruwaida sabo", a ciki kuma "wanda na gyara bayan Sallah". Ta kwashe su duka, ta bar folda guda mai suna Zango. Da Khalidu ya leƙo, ya ƙara mata dabara: ta sauke kai tsaye a bakin ma'ajiyar kwamfutar, kada ta cusa a wani lungu. Muryoyin suka fara sauka da sunayensu cikakku.

Guda ɗaya ta ƙi, ta marigayiya Mamuna mai koko. Sunan ba shi da tsawo, amma a ƙarshensa Ruwaida ta rubuta "Dosso?" domin ranar tsohuwar ta yi ta kokwanton garin da aka haife ta. Khalidu ya ce alamar tambayar ce, kwamfutar ba ta karɓarta a sunan fayil, a cire kawai. Ruwaida ta ce in ta cire, ta shaida abin da ba ta sani ba ke nan.

Ta hau mota zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai, ta yi ta tambaya a tsakaninsu har ta sami Bawah, ɗan Mamuna, a ƙarƙashin wata babbar mota. Ya fito yana goge hannu, ta tambaye shi garin uwarsa, ya ce ba Dosso ba ce, a can aka yi mata aure dai, amma haifaffiyar Gaya ce. Sannan ya tambaya ko da gaske akwai muryar uwarsa.

Ta koma ta gyara sunan, fayil ɗin ya sauka. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Bawah ya zo shagonta da 'ya'yansa mata biyu, waɗanda ba su tashi sun ga kakarsu ba. Ta kunna musu. Mamuna tana ba da labarin yadda suka haye kogi a kwalekwale, tana dariya tana zagin mai tuƙin. Ƙaramar ta ce a maimaita wajen zagin, Ruwaida ta mayar da shi baya.