Hari a Tsakiyar Kogin Isa

Ko ranar da haƙorina na ƙarshe zai faɗi, ba zan manta da yinin da na kai taubashina ganin kogin Isa ba. Da ɗan lakwal, wato bokon da na yi, nake rubuta wannan, aji huɗu ba ƙari, don haka wanda ya ga kuskure ya kai ƙara wajen mushe, malamin da ya kore ni. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa.

Ni haifaffen Gaya ta bakin kogin Isa ne, Bahaushe, tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya. Gwaggona aka kai aure can Damargu, wajen Tanut, inda ruwa sai a ƙasan rijiya mai zurfin da in ka jefa guga sai ka gama gaisawa da mutane kafin ka ji ƙararsa. Ɗanta shi ne taubashina, kusan sa'ana. Tun muna yara ba mu taɓa yin magana ba tsiya a ciki. Shi ya ce mini kwaɗo, ni in ce masa ƙadangaren rairayi, kowa kuma na kiran ɗan'uwansa bawansa. Duk gardamar da muka yi, da kogi nake kashe bakinsa. In ce ruwan da suke bin layi da bido, wato jarka, a kansa, mu jakunanmu ke wanka ciki. Abin da bai sani ba shi ne, sanin da na yi wa kogin daga saman gada ne, ta tagar kamiyo. Iyo kuwa, da ni da dutse ɗaya muke.

Wata bazara ya kira ni a waya, muryarsa ba kamar kullum ba. Ya ce likita ya gaya masa idanunsa na tafiya, kuma ba dawowa za su yi ba. "Na ga tabki, na ga teku a telebijin," in ji shi. "Kogin ƙasata ne ban gani ba. Ina son in gan shi tun idon na aiki." Na ce ya taho, Sarkin Ruwa da kansa zai zagaya da shi. Ba wanda ya naɗa ni wannan sarauta, ni na naɗa kaina a waya.

Uwargidana Badendiya ce, kuma ƙanenta na da kwale-kwale, shi ma furfura ta fara kama shi. Shi muka roƙa ya ɗauke mu. Da hantsi muka sauka bakin ruwa, ni da babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, uwargida da ƙwaryar furarta, baƙo kuma da rawaninsa da sanda. Kafin mu shiga na tsayar da shi don in ba shi darasi, saboda baƙo ba darasi ɓata garin mutane yake yi.

"Atansiyon, buɗe kunne, bawana," na ce. "Nan ƙasar Dendi ce. In ka ji an ce hari, ba ƴan bindiga ba ne. Hari da yarensu ruwa ke nan. Wani Bakano ya taɓa zuwa nan, mace ta miƙo masa moɗa ta ce hari, sai a tasha aka kamo shi."

Labarin Bakanon nan ni na ƙaga shi, amma na faɗe shi sau da yawa har na fara tuna fuskar mutumin. Taubashina ya yi ƴar dariya ta dole. Da ya ɗaga ƙafa zai shiga jirgin, jirgin ya motsa, sai ya mai da ƙafar ƙasa. Ya matso kusa da kunnena don kada uwargida ta ji.

"Wasa waje ɗaya," ya ce. "Tsoro nake ji. Ban taɓa taka abin da ba ƙasa ba. Ka riƙe mini hannu."

Tun da nake da shi ban taɓa jin ya roƙe ni wani abu ba tare da zagi a gaba ba. Na kama hannunsa, na ɗaga murya yadda masu wanki ma za su ji, na ce ko kogin nan zai kife, ba ni sakin hannun nan sai mun taka tudu. Ku riƙe wannan magana, don ni ban riƙe ta ba.

Tafiyar ta yi daɗi da farko, gaskiya. Ruwa ya ja baya, tsibiran yashi sun fito fari fat. Ga giginyu jere a gaɓa, ga fadamun shinkafa, ga shanun Fulani na ƙetarewa sai ƙaho da hanci kake gani. Can baya gada, kamiyoyi a kanta kamar tururuwa, garin Malanbil na ƙetare. Taubashina ya sa hannunsa na hagu cikin ruwa, na dama yana cikin nawa. Ya ɗebo ya shafa a fuska, ya ɗanɗana.

"Duk wannan ba mai shi?" ya tambaya. "Haka yake wucewa, ba wanda ke tare shi?"

Na ce haka yake, daga Gine ya taso, ya ratsa Mali, ya gaishe mu, ya wuce Najeriya. Ya ci gaba da kallo, yana matse idanu don ya gani da kyau. Na ga hawaye a gefen rawaninsa. Mutumin kirki da ya bar shi da kallonsa. Ni kuwa sai shaiɗanin tsokana ya taso mini. Na nuna masa yamma, na ce can gaba dajin nan ne da ƴan bindiga suka shiga, rediyo ma ta faɗa da safe, kuma an ce ta ruwa suke biyowa su ɓuya cikin ciyawa. Uwargida ta ce, "Alhaji, ka bari mana." Ban bari ba. Na ƙara gishiri, na ƙara barkono. Abin da ban lura ba, shi baƙon hankalinsa na kan ruwa, ba ya ma saurare. Mai sauraron labarin da kunne biyu ni ne. Kowane kurmin ciyawa muka wuce sai na waiga in ga ko an biyo mu.

Muna zagaya wani tsibiri sai abu biyu suka faru tare. Bayan ciyawa wani abu ya yi ƙara, fau! Daga baya na san injin wani jirgin masunta ne ya yi tari. A daidai lokacin kuma tsumman da aka toshe wata ɓaraka da shi a jirginmu ya fita, ruwa ya fara shigowa ta wajen ƙafar uwargida. Ƙanenta ya daka mata tsawa da yarensu don ta kwashe: "Hari! Hari!"

Jama'a, tun aurenmu matar nan ke miƙo mini moɗa tana faɗin kalmar nan. Ni na koya wa baƙo ita da bakina a safiyar ranar. Amma da ta shiga kunnena bayan ƙarar nan, Dendancina ya tashi, Faransancin aji huɗu ya bi shi, ba abin da ya rage sai Hausar da uwata ta haife ni da ita. Na fizge hannuna. Ban zame shi a hankali ba, fizgewa na yi. Na ce "Innalillahi, sun iso!" na tuma cikin kogi.

Ruwan iya ƙugu ne.

Na tsaya a kan yashi, babbar riga ta buɗe a kan ruwa kamar laima, hulata ta kama hanyar Najeriya ba takarda ba duwan, wato kwastan. Masuntan da injinsu ya yi tari suka fito daga bayan ciyawa, suka gan ni, ɗaya har ya zauna don dariya. Uwargida ta zubar da furarta tana kwasar ruwa da ƙwaryar, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Alhaji, harin da kake gudu, ga ka cikinsa har ƙugu."

Wannan duk da na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da na juya. Tumawar da na yi ta karkata jirgin, ya ɗebi ruwa ta gefe, surukina na ta fama da sanda don kada ya kife. Taubashina ya faɗi a gefensa cikin ruwan da ya shigo, rawani ya kwance, idanunsa a rufe. Hannunsa na dama kuwa yana nan a miƙe, buɗe, daidai inda nawa yake ɗazu. Bai ma janye shi ba. Yana lalube.

Aka toshe ɓarakar, aka jawo ni ciki kamar buhun shinkafar da ya jiƙe. Surukina ya juya kan jirgi zuwa gida. Na zauna ina ɗiga, na kasa kallon kowa. Na san abin da ke jirana: taubashi ya sami makamin da zai yanka ni da shi har kabari, kuma za a ji labarin daga Tanut har Agadas. Can sai na ji ya taɓa gwiwata.

"Kawo hannun, kwaɗo," ya ce. "Ni zan riƙe ka."

Haka ya riƙe ni har muka taka tudu.

A ƙofar gida maƙwabta suka ga rigata suka tambaya. Kafin in buɗe baki sai taubashina ya riga ni. Ya ce shi ne ya matsa yana son sanin zurfin kogin, ni kuma don karamci na sauka na auna masa. "Iya ƙugu ne," ya ce, fuskarsa ba alamar dariya. Daga ranar har yau bai taɓa tayar da maganar ba, ko a waya, ko a gaban mutane. Yana zagina a kan tumbina, a kan tuƙina, a kan rowar goro, amma ban da wannan. Da ya yi mini dariya da na rama, da abin ya wuce. Shirun nan ne ya hana ciwon warkewa. Uwargida ce dai ba ta da irin wannan tausayi. Har gobe in ta kawo mini ruwa sai ta tsaya nesa kaɗan ta ce, "Ga hari nan, a zauna lafiya."

Yanzu idanunsa sun tafi gaba ɗaya. Wani lokaci yakan kira ya ce in sauka bakin kogi in kara masa waya ya ji motsin ruwa. Nakan je, da ciwon gwiwata da komai, in tsuguna in miƙa hannu har sai ya ce ya isa. Ban taɓa janyewa kafin ya ce ba.

Abin da na koya shi ne, yaren da ka koya da girma ado ne na lokacin lafiya, tsoro da harshen uwa kawai yake ji. Kuma na daina rantsuwa da murya sama a bakin gaɓa. In mutum ya ce in riƙe masa hannu, shiru nake yi in riƙe.