Hoton da Kaka Ta Turara

Jiya ƙaramin ɗana ya tura mini sabuwar wayarsa a fuska, wai in ga yadda take ɗaukar hoto har da ƙurajen goshi. Ana cikin haka matar gida ta zuba turaren wuta a kasko. Ƙamshin na bugun hancina sai ga ni a gidanmu na unguwar Abbaganaram a Barno, ƙarƙashin darbejiya, cikin zafin nan na bazara mai sa ƙadangare neman inuwa.

Kakarmu ta wajen uba ba ta yarda da hoto ba, kuma ba don wani dalili na addini ba. Ita dai ra'ayinta ne, in kuwa ta kafe, to ka nemi wuri ka zauna. Babban ɗanta, wato baffanmu, ya daɗe a Sudan, tun kafin in yi wayo. Ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "wancan na gabas". Shi ne ya aiko wani matafiyi da roƙo guda: tunda hanya ta yi wuya, a taimaka masa da hoton tsohuwarsa, don fuskarta ta fara ɓace masa.

Babanmu ya kira mai hoton unguwa, wani Ibo mai fara'a da ke yawo a keke da kyamara rataye a wuya. Kaka ta fito, ta ƙare wa na'urar kallo sama da ƙasa.

"Abin naka yana ɗaukar ƙamshi?"

"A'a Mama, fuska kawai."

"To me ya ɗauka? Macen Barno ba turare ai ba ita ba ce."

Ta juya ɗaki abinta. Kai, ranar mun ga ikon Allah! Matafiyin yana shirin komawa, babanmu ya yi lallashi har ya gaji. Daga ƙarshe ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Shi kenan, zan aika masa cewa kin ƙi." Can sai muka ji ƙarar buɗe akwatin ƙarfe.

Ta ɗauko lafayarta mai ruwan goro, ta baza a kan kwandon turare, hayaƙi ya ratsa ta ciki da waje. Mai hoto yana ta duban rana yana share gumi. Da ta shirya ta zauna a tabarma, ta miƙe wuya, ta ɗaure fuska tamau. Ya ce ta yi murmushi, ta ce ba wasa ta fito ba.

Da aka wanko hoton aka kawo, ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Ta kife shi a kan kwandon nan, ta ƙara garwashi, ta zuba turaren da take haɗawa da hannunta. Babanmu yana ta "Zai lalace fa!", ita ko a jikinta. Sai da gefensa ya yi ja sannan ta naɗe shi a ƙyallen tsohon mayafinta ta miƙa wa matafiyin.

Ita da ɗan nata ba su sake ganawa ba. Ta rasu kafin baffa ya dawo. Shekaru bayan haka, da ya zo gida da furfura, ya faɗa mana da bakinsa cewa bai kai ga kwance ƙyallen ba ya fashe da kuka a tsakiyar kasuwa, don tun kafin ya ga fuskar ya riga ya ji uwarsa.

Yau wayata cike take da hotuna, yawancinsu ban sake buɗewa ba. Yaran gidan nan in ba buga ƙwallo a allon waya ba, to gardamar wacce kyamara ta fi. Ba na faɗa da zamani, ni ma ina ɗauka. Amma duk mai ce mini an gama ƙera na'urar hoto, ina gaya masa kai tsaye da saura.

Baffa ya bar mini hoton, yana wurina yanzu, ƙamshin ya daɗe da tafiya. Jiya na ɗauko shi na ce wa yaron ya ajiye wayar ya kawo kaskon. Ya tambaye ni me za mu yi. Na ce za mu gaisa da kakata.