Ranar da Kawu Lesh Ya Ƙi Hura Na'urar 'Yan Murur

Duk wanda ya zauna a Nakkasa ta Makka kafin a rushe unguwarmu ya san Kawu Ɗanlami, amma in ka ce Ɗanlami sai an tsaya tunani. Ka ce Kawu Lesh, yanzu a nuna maka gidan. Kalma ɗaya ya tsinta a Larabcin mutanen Makka ya riƙe ta gam: "Lesh?", wato don me. Ka ce, "Kawu, zauna," ya ce, "Lesh?" Ka ce, "Kawu, ga abinci," ya ce, "Lesh, an ce maka yunwa nake ji?" Ni Zulai, 'yar ƙanwarsa, a hannunsa na tashi, don haka duk cikinku ba wanda ya kai ni shan wannan lesh ɗin.

Matarsa Inna Ladi ce ta samo masa magani. In tana so ya yi abu, sai ta hana shi. "Malam, kada ka sa farar rigar nan, ba ta karɓe ka ba." Kafin ta rufe baki ya zura ta. "Kada ka je ɗaurin auren nan, rana ta yi zafi." Sai ga shi a sahun gaba. Mu kuwa muna bayan labule muna toshe baki, a zatonmu bai taɓa ganewa ba.

Kun tuna lokacin da aka ce mu tashi? Kowa na fama da firij da katifa, shi Kawu yana can da guduma yana ɓalle ƙofar gidan, ta ƙarfen nan koriya.

Na ce, "Kawu, gidan da za mu koma a unguwar Zahir fa yana da ƙofarsa."

Ya ce, "Gida suka ce za su rushe. Wa ya ce musu har da ƙofata?"

Haka ƙarti suka sauko da ita daga kan dutsen da gidan yake suna nishi. A Zahir ta ƙi shiga ko'ina, sai ya jingine ta a bangon falo. Baƙo in ya tambaya ina wannan ƙofar take kaiwa, Kawu ya dube shi ya ce, "Nakkasa."

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da muke dawowa daga walimar suna a Jidda, ni da shi a tsohuwar farar motarsa, da rana tsaka. Ga zafi, ga shi ba ya kunna mukayyif, na'urar sanyaya mota, wai iskar Allah tana shigowa ta taga. A watannin nan duk ya rame, ƙishirwa ba ta barinsa, mun yi mun yi ya je asibiti ya ƙi. Kusa da ƙafarsa akwai jarkar sobiya, abin shan nan mai zaƙi, da ya saya tun jiya, ta kwana a mota ta fara tsami. Na ce ya zubar, ya ce ni'imar Allah ba a zubar da ita. Yana tuƙi yana kurɓa.

Muna dosar Makka na ga motar ta fara rawa a titi, ta yi dama ta yi hagu.

"Kawu, tsaya in karɓe ka, ga lasisina a jaka."

"Lesh?"

Bai ƙarasa ba ya taka burki, jarkar ta kife a jikinsa, mota ta ɗauki wani irin tsami. Sai jiniyar 'yan sandan hanya a bayanmu. 'Yan murur! Na ce innalillahi.

Wani matashin jami'i ya leƙo, ya yi sallama cikin ladabi. Warin ya buge shi, na ga ya ɗan ja baya. Ya dubi Kawu: ido ja, riga a jiƙe, harshe ya yi nauyi. Ya koma motarsu ya dawo da 'yar na'urar nan da ake hurawa don a gane ko mutum ya sha giya.

Ya ce, "Ya ammi," wato baffana, "hura nan."

Kun san amsar.

Jami'in ya yi masa bayani a hankali. Wayyo, da Kawu ya fahimci abin da ake zarginsa da shi, sai ya dafe ƙirji. "Ni? Ni da nake shan zamzam tun ba a haifi ubanka ba? Bakin da nake karatun Alƙur'ani da shi zan ɗora kan abin da mashaya suka tsotsa?"

Jami'in ya ɓare sabon bakin roba daga leda a gabansa. "Sabo ne, ya ammi, ba wanda ya taɓa shi."

"To ka adana wa mashayin da za ka kama."

Kawu da ikama, takardar izinin zama, yake zaune a ƙasar nan, kuma kun san irin wannan zargi ba a wasa da shi a nan. Na hango shi a tsare, na hango an ɗora shi a jirgi zuwa Kano, garin da rabonsa da shi tun yana saurayi. Na hango Inna Ladi tana shiga taron biki ana nuna ta da baki. Na roƙe shi da Allah da Annabi, ya kawar da kai. Sai dabarar Inna ta faɗo min. Na ɗaure fuska na ce da Hausa, "Kawu, ni dai kada ka hura. Kada ka kuskura!"

Ya juyo ya dube ni da jajayen idanun nan, ya ce, "Yau kam kin yi hankali, Zulai." Ya ƙara da cewa, "Kin ɗauka ban san wayon Ladi ba? Ƙyale ta nake yi."

Jami'in ya ce tunda ya ƙi, dole a tafi da shi asibiti a ɗebi jininsa, kuma ƙin hurawar ba zai taimake shi ba. Kawu ya ce jini kam a ɗiba, allura ba bakin kowa ba ce. Ya buɗe ƙofa zai fito da isa, gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Ba don yaron nan ya tare shi ba, da ya sha kwalta.

A asibiti suka shige da shi, suka bar ni a baranda. Na kira Inna Ladi na rasa ta inda zan fara, sai na ce mota ce ta ɗan ba mu matsala. Ba addu'ar da ban karanta ba a kan bencin nan. Can likita ta fito ta tambayi 'yar'uwarsa. Ta ce babu ko ɗigon giya a jininsa. Ciwon sukari ne, ya daɗe yana cinsa, yau kuma ya hau inda bai kamata ba. Ta ce da gida muka wuce ya kwanta, Allah kaɗai ya san ko zai tashi.

Jama'a, a ƙasa na zauna. Ina kuka ina dariya, har wata ma'aikaciya ta kawo min ruwa.

Jami'in nan, Allah ya yi masa albarka, bai tafi ba sai da Kawu ya dawo hayyacinsa. Ya shiga ya sumbaci kansa ya ce ya yafe masa. Kawu, ga robar ƙarin ruwa a hannu, murya can ƙasa, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka gani ko? Da na hura, ka ga babu komai, ka sallame ni, da gobe kuna yi min salla a Harami. Taurin kaina ne ya cece ni." Yaron ya yi dariya har da riƙe gado. Daga ranar kuwa mun shiga uku: duk gardamar da aka fara a gida, da wannan labarin yake rufe mana baki.

Likita ta hana shi tuƙi, mukullin ya dawo hannuna. Shekarun da Allah ya ƙara masa, ni nake kai shi asibiti da masallaci, yana gefe yana koya min hanyoyin da a cikinsu aka haife ni. Fitarmu ta ƙarshe bai gyara min komai ba. Da muka tsaya a ƙofar gida ya daɗe bai sauka ba, sannan ya ce, "Kin iya mota, 'yar nan. Kin kuma iya haƙuri da tsoho." Na fito na buɗe masa ƙofa.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanlami, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Inna Ladi haƙuri. Mu kuma da muka tashi a hannunsa, Allah ya sada mu da shi a Aljanna. Amin.