Hashimu Mai Rediyo da Kalmomin Ruwan Sama

A kasuwar Belbeji, kusa da masu sayar da igiya, akwai wata ƙaramar rumfa inda Hashimu ya shekara talatin yana gyaran rediyo. Bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Turancin Ingilishi da ya iya a Jos ya samo shi, lokacin da ya je ci-rani yana saurayi, ya yi gadi a gidan wani dattijo da ya yi aikin auna ruwan sama har ya yi ritaya. Dattijon ba shi da abokin hira, sai ya riƙa koya wa mai gadinsa karatu. Ranar da Hashimu zai dawo gida ya ba shi wani ƙamus wanda bangonsa ya yage.

Kalmomin yanayi ne suka fi shiga ransa, wataƙila don shi ɗan Damargu ne, inda kowa ke tashi da kallon gabas don neman hadari. Idan ya gyara rediyo, sai ya murɗa ta zuwa tashar da ke magana da Ingilishi, wai gwaji yake, alhali rahoton yanayi yake jira. Ya kan gaya wa masu zama a rumfarsa cewa "drizzle" yayyafi ne, "shower" kuma ruwa ne mai saukowa ya wuce, kuma da ita suke kiran wankan famfo. Wata rana ya ce wa limamin unguwarsu "monsoon", sunan da Turawa ke ba iskar damina, daga "mausim" na Larabci ta fito. Liman ya yi ta jinjina kai, ya ce ashe su ma aro suke yi.

Da yawa suna ganin wahalar banza ce, tunda a ofisoshin Tanut da Damagaram Faransanci ake yi. Hashimu ba ya musu da kowa.

Wata shekara ruwan farko ya sauka da ƙarfi, gari ya ɗauki shirin shuka. Washegari Rakiya, shugabar ƙungiyar mata manoma, ta samu saƙo a wayarta daga wani furoje, wato shirin tallafa wa manoma, da ke aiko musu labarin yanayi. A kullum da Faransanci yake zuwa, ran nan sai ya zo da Ingilishi. Ta sa wayar ta fassara, wayar ta ce "busasshen sihiri" na tafe. Hankalin mata ya tashi. Rakiya ta ɗauki wayar ta nufi kasuwa, mijinta Dado na biye da ita yana faɗa, domin ya riga ya fito da irin gero.

Hashimu ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Ya ce kalmar "dry spell" ce. Ya bayyana musu cewa "spell" tana nufin sihiri, tana nufin jera baƙaƙen kalma, tana kuma nufin ɗan lokaci, kuma a nan ta ukun ce: ruwa zai ɗauke kamar mako biyu.

Dado ya ce, "To Malam, in shuka ko in bari?"

Hashimu ya ce, "Sama ta Allah ce, ni ban san ta ba. Abin da kalmar ta ce na gaya maka. Da ni ne, zan shuka rabi in ajiye rabi."

Dado ya yi haka, ba da son ransa ba. Rakiya ta bi gida-gida ta sanar da mata; wasu suka ji, wasu suka ce mai rediyo ba zai hana su ruwan shuka ba. Ruwa ya ɗauke kwana goma sha shida. Tsiro ya ƙone a gonaki da yawa. Da hadari ya dawo, waɗanda suka ajiye iri suka sake shuka, suka kuma ɗibar wa maƙwabta.

Hashimu bai taɓa tayar da zancen ba. Da kaka Dado ya kawo masa dami ɗaya, ya karɓa ya yi godiya.

Yanzu idanunsa sun yi rauni, ƙananan rubutun ƙamus sun fi ƙarfinsa. Ranar kasuwa Rakiya kan tsaya a rumfar bayan ta gama cefane, ta buɗe ƙamus ɗin, ta kira masa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da lafazin Faransanci, shi kuma ya haɗa su a kai ya faɗi ma'anar. A makon jiya suna kan kalmar ƙanƙara.