Binciken Ango a Greenwich Village

Shekarar da 'yar yayana ta kawo mijin aure, ni aka ɗora wa bincike. Yaya ya kira ni shagonsa a Harlem, ya rage murya kamar za mu kifar da gwamnati.

Ya ce, "Yaron ɗan Damagaram ne, yana salla, ya iya gaisuwa. Amma an ce kullum ana ganinsa a unguwar Greenwich Village yana shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da Turawa. In mashayi ne, ba zan ba shi 'yata ba."

Ita kuwa yarinyar ta rantse in ba shi ba, sai dai ta tsufa a asibitin da take aiki.

Ranar Asabar da hantsi na sa baƙin tabarau da wata hula mai baki wadda ko uwata ba za ta gane ni a cikinta ba, na hau jirgin ƙasa. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa da yaron, a cikin taron suna. Na same shi a bakin titi da 'yar tuta a hannu, Turawa sun kewaye shi. Ashe aikinsa zagayawa da baƙi yana ba su tarihin unguwar. Na saje a bayansu.

Ya ce a da haya ba tsada a nan, shi ya sa masu zane da mawaƙa da marubuta marasa ko sisi suka cika unguwar. Lokacin da hukuma ta hana giya, a ƙarƙashin gidajen nan ake ɓuya a sha, a yi kiɗa da barkwanci. Yanzu tsadar haya ta kore su. Ya nuna mana ƙofar da ake ƙwanƙwasawa sau uku. Na ce a raina, wannan sani ya yi yawa. Wa ya koya masa ƙwanƙwasar?

Na matsa kusa ina shinshina numfashinsa. Citta kawai na ji. Amma ai da citta ake ɓoye wari.

Muka gangara wani tsohon gidan rawa da ya koma wurin shan shayi. Ya nuna bangon hagu, ya ce nan dandamalin makaɗa yake a da.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, da Hausa kuma. Na ce, "Ina! Dama yake, kusa da matakala. Hagu ai wurin rataye riguna ne."

Shekara biyu na yi ina wanke kofuna a gidan nan farkon zuwana ƙasar, kuma in ganga ta yi daɗi ba na tsayawa a madafa. Yaya har yau ya ɗauka a gidan burodi na yi aiki.

Yaron ya dube ni, ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawa. "Kawu, barka da hantsi. Tun a bakin titi na so in gaishe ka, na ga kamar ba ka so."

Turawa suka yi ta ɗaukar hoto, sun zaci cikin tarihin ne.

Ya miƙe ya ce a hankali, "Dama, ko Kawu? Zan gyara."

Da yamma na gaya wa Yaya yaro ba ya sha, a ɗaura aure. Ya tambaye ni yadda na tabbatar, na ce na bi diddigi sosai. An ɗaura.

Angon bai taɓa tona ni ba. Sai dai ranar walima, da makaɗa suka fara, shi da kansa ya ɗauke kujerar da ke gabana, ya buɗe mini fili. Ban tashi ba. Ƙafata ce kawai ta ƙi jin magana.