Malam Shu'aibu, Mai Ɗauke Mana Zagi

Muna cikin gwajin wasa a ajin firamaren da muke aro a unguwar Hashimi, bayan la'asar, sai ga ƙanin Malam Shu'aibu ya shigo ko sallama babu. Ya ce, "Ku dakata haka nan. Yaya ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Shu'aibu, wanda ya koya mana tsayuwa a dandali, yake kuma shirya wasanninmu na talabijin, ya rasu bayan gajeruwar jinya.

Yawancin mutanen Suleja ba su san sunansa ba. Alhaji Kwashe-Kayanka suka sani, mugun mai gidan hayan nan da ke watsa wa ma'aikatan Abuja kaya waje a wasanmu na mako-mako. Tun da gwamnati ta dawo Abuja garin nan ya cika da 'yan haya, kowa da mai gidan da yake jin haushi, kuma a kan Malam ake hucewa. A gabana wata mai tumatir ta janye tirenta, ta ce ba ta sayar wa azzalumi. Ya yi dariya ya ce mini, "Sani, wasa ya karɓu."

Shi ke raba wa kowa abin da zai fito, amma bai taɓa ba ɗayanmu fitowar mugu ba. Na taɓa nacewa sai na fito a mai gidan. Ya dube ni ya ce, "Kai da kake neman aure a Garam? Su gan ka kana korar mai jego cikin ruwan sama, wa zai ba ka 'yarsa? Ni na riga na tara iyali, bar mini zagin." Wallahi na ji haushi a lokacin. Na yi aurena lafiya, ina fitowa a mutumin kirki, ana gaishe ni a hanya.

Ranar sadakar uku zuciyata ta ƙarasa karyewa. Wani dattijo mai wucewa ya tambayi wa ya rasu. Da aka faɗa masa sai ya ce, "Au, mai korar mutanen nan? To, Allah ya sa ya tuba." Ya wuce bai ɗaga hannu ba. Hauwa, 'yar Malam ta fari, tana bakin zaure. Ta ce mini, "Kawu Sani, haka za a riƙa tuna Baba?"

Don ita na rubuta wannan. Jama'a, bawan Allahn nan bai taɓa mallakar gida ba, balle ya kori wani. A ɗaki biyu na haya ya yi rayuwarsa, a nan muka yi masa sutura.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa zagin da ya sha dominmu ya zame masa kankarar zunubi. Allah ya ba mai ɗakinsa da yaransa haƙuri, ya rufa musu asiri. Duk wanda ya taɓa tsine wa Alhaji Kwashe-Kayanka, ina roƙonsa don Allah ya ɗaga hannu yau ya yi wa Shu'aibu addu'a.