Wadda Ta Koya Mini Goyo

Ina kan mota a Aliero muna lodin albasa waya ta yi ƙara. Maƙwabcina ne daga Jega. Ya ce, "Sanusi, sai haƙuri. Inna Kulu ta cika bayan azahar." Na yi salati, amma Allah ya gafarta mini, abin da ya fara fita bakina shi ne, "Ina Nana?" Domin a ɗakin Inna nake barin ɗiyata kullum in tafi nema.

Inna Kulu tsohuwar malamar Turanci ce, katanga ɗaya ta raba mu. Da matata ta rasu ta bar jaririya, Inna ta roƙe ni kada in bari a raba ni da yarinyar. Kawun marigayiyar, Kawu Garba na Giwa Tazo, ya zo ya ce namiji ba ya reno, a ba iyalinsa. Inna ce ta fito da sandarta ta ce, "Malam Garba, da rana tana hannuna, da dare tana hannun ubanta. Mi ya rage?" Ya tafi don nauyinta da yake ji. Nawa nauyin bai taɓa ji ba.

Ɗakinta cike yake da littattafai masu hoton taurari da jiragen da ba su sauka ƙasa. Wasu da tambarin zinariya a bango, ta ce waɗannan gasa suka ci a ƙasashen waje. Ni firamare ma ban ƙare ba, sai ta riƙa juya mini su da Hausa in na zo ɗaukar Nana. Akwai na wani jirgi da tsohuwa ke tuƙawa, maza na dafa abinci ba wanda ya yi dariya. Akwai na wani gari ƙarƙashin teku inda ba a naɗa sarki sai ya goya yaro har yaye. Na tsorata, na ce, "Inna, wannan ba saɓo ba ne?"

Ta ce, "Ƙarya ce hwa, kamar gizo da ƙoƙi. Amma ƙarya ce mai tambaya. Kai da ke ɗaukar buhun albasa, ɗiyarka ta fi shi nauyi?"

Ranar ta ɗauko zani da majanyi. Na ɗaure kamar yadda muke ɗaure buhu, yarinya ta tsala ihu. Inna ta buge mini hannu, ta ce, "Kai, ɗan albasa! Mutum ce." Ta nuna mini inda ƙafafu ke zama da inda ƙulli ke tsayawa. Amma cikin gida kawai nake goyon. Tsoron bakin 'yan tasha bai bar ni na fita da shi ba, kuma ba ta taɓa matsa mini ba. Cewa take, "Ranarka na tahowa."

A zaman makoki na hango Kawu Garba cikin maza. Ya yi ta'aziyya, sannan ya juyo ya ce, "Sanusi, mai riƙon ta tafi. Ka haɗa kayan yarinya."

Nana na kuka a ƙofar zaure, tana neman Inna. Na ɗauke ta, na sunkuya gaban limami da mahauta da direbobi, na ɗora ta a baya, na ja zani na ɗaure majanyi. Wani ya yi tari. Ta kwantar da kai, ta yi shiru.

Kawu ya daɗe yana duban ƙullin. Ya ce, "Wa ya koya maka ɗaurin ga?"

Na ce, "Wadda muka rufe jiya, Kawu."

Ya sa takalmansa, ya ce, "Sai bayan girbi mu yi magana."

Gero ya fara nuna, kuma duk babur da ya tsaya ƙofar gida sai in leƙa in ga ko Kawu Garba ne. Ɗan Inna ya ba ni littafin garin teku. Ba na iya karanta shi. Na ajiye wa Nana, in Allah ya bar mini ita, ta karanta mini.

Ya Allah, ka jiƙan Inna Kulu, ka haskaka kabarinta, ka yafe mata kurakuranta. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri. Marainiyar da ta bari a bayana kuwa, ka ƙarfafa bayan.